Rigar da Na Kai Karofi

A shekarar da na fita takaba na koma gidanmu a Fagge, ina 'yar shekara ashirin ko kusa da haka. Sanƙarau ne ya ɗauke mijina cikin kwana uku, ban ma gama sanin miyar da ya fi so ba. Mutane suna ta yaba haƙurina. Ni kuwa na san ba haƙuri ba ne, ba na jin komai ne kawai. In an ce ci, in ci. In an ce tashi ki share tsakar gida, in share. Abin da ya rage a hannuna shi ne ɗinkin hula. Mu asalinmu mutanen Borno ne, kakana ya zo Kano da fataucin kanwa ya zauna, kuma a gidanmu yarinya ba ta kaiwa shekara goma ba ta iya riƙe allura ba.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Duk unguwa Kofur ake ce masa, don ya je yaƙin Boma ya dawo da igiya biyu da ɗingishi. Aikinsa gadin wani siton yadi kusa da kantunan Kwarori. Da safe ya zauna a kan benci a bakin ƙofa, 'yan dako su yi ta shiga da fita da dilolin akoko da atamfa, shi kuwa in ya yi magana goma a wuni to ranar ya yi surutu. Bai yi aure ba tun dawowarsa. Inna, mahaifiyata, takan ce wace mace za ta zauna da mutumin da sai an yi masa sallama sau biyu. Yana da akwatin ƙarfe na soja a ɗakinsa na zaure, kuma kowa a gidan ya san akwai wata riga a ciki da ba tasa ba.

A shekarun nan yadin Japan ya cika kasuwa. Akwai wani akawu, Ibo, a Sabon Gari, wanda ke rubuta wa 'yan kasuwa wasiƙun odar kaya zuwa ƙasashen waje, shi ya sa yake yawan zuwa siton. Shi ne ya gaya wa Baffa cewa wani mutumin Japan daga kamfanin yadi zai hawo jirgin ƙasa daga Ikko nan da mako biyar, ya zo ya ga masu sayen kayansu. Washegari da hantsi Baffa ya yi sallama a ƙofar ɗakina, abin da bai taɓa yi ba, riƙe da rigar.

Falmaran ce, marar hannu. Da can shuɗiya ce, amma ta koɗe kamar tsohon zanen kaka. Yadin saƙar hannu ne mai kaushi, irin zaren rama, in ka ɗaga shi kana hango rana ta ciki. Sai dai ƙirji da kafaɗu da baya duk an cike su da farin zare, gida-gida kamar yankan alewa, ƙarami cikin babba, babba cikin wanda ya fi shi. Ta yage kaɗan a hammata. Baffa ya ce in kama masa wurin. Sannan ya zauna a bakin ƙofa, ya yi maganar da ban taɓa jin ya yi mai tsawonta ba.

“Bayan an gama yaƙi aka ba mu gadin sojojin Japan da suka miƙa wuya, suna gyaran hanya,” in ji shi. “Mai rigar nan manomi ne, daga yadda yake riƙe shebur na gane. Ba ya jin Hausa, ba na jin nasu. Da hannu muke magana, da zane a ƙasa, da 'yan kalmomin Indiya da kowa ya tsinta. Ya zana mini gidansu, sai ya ja layi a saman ƙofa, ya ce nan ƙanƙara take kaiwa.”

Na ce, “Ƙanƙara, Baffa?”

“Ba irin tamu mai faɗowa da ruwan farko ta fasa ƙwarya ba. Tasu laushi gare ta kamar gari, shiru take sauka, wata huɗu, har ta rufe ƙofa sai ta taga ake fita. Can arewacin ƙasarsu ne, ƙarshen ƙasa. Takalmansu na bambaron shinkafa ne har gwiwa, rigar ruwa ma ta bambaro. Doki rufi ɗaya yake kwana da mutane. Wuta a rami a tsakiyar ɗaki, kowa ya kewaye ta.”

Ya ce auduga ba ta fitowa a can saboda sanyi, sai wannan ramar. Mata su saƙa ta, su rina da shuni kamar yadda muke yi, amma iska tana ratsa ta. Sai su sami ɗan zaren auduga da aka kawo daga nesa, su bi ramukan saƙar ɗaya bayan ɗaya su toshe. Shi ne aikinsu duk tsawon sanyin, tunda ba gona ba kasuwa. Tsohuwar mutumin ce ta yi wannan, sanyi uku tana yi.

“Zazzaɓi ne ya kama shi. Ranar da zai cika ya tuɓe ta da kansa, ya sa mini a hannu. Ya dafa ƙugu ya sunkuyar da kai, wai tsohuwa, ya nuna gabas. Na ce to. Da Hausa na ce, amma ya ji.”

Shekara goma sha biyu ke nan a lokacin. Baffa ya ce bai sani ba ko tsohuwar tana da rai, amma ba wannan aka tambaye shi ba. An ba shi amana ya ce to, kuma ga hanya Allah ya kawo har Sabon Gari.

A cikin wuyan rigar, ta ciki, akwai ɗan farin ƙyalle kamar faɗin yatsu biyu, an yi rubutu a kai da baƙar tawada daga sama zuwa ƙasa. Sunan mutumin ne da sunan ƙauyensu. Wannan Baffa bai gaya mini ba. Shekara goma sha biyu yana kallon ƙyallen, a ganinsa ko yaro ya san abin da ke nan. Ni kuwa na ɗauka laya ce irin tasu, na kawar da kai, don an hore mu da cewa ba a ƙura wa layar wani ido.

Kamun hammata safiya ɗaya ya ɗauke ni, amma na riƙe rigar wata guda. Ƙirga nake yi. Na lura allurar matar nan ba ta taɓa tsallake zare biyu ko huɗu ba, sai ɗaya, uku, biyar, bakwai, ta sake gangarowa. Ba ta zana komai a kan yadin ba kafin ta fara, yadda mu muke yi a kan hula. Da ƙirge kawai ta fitar da gidajen nan duka. Bayan ɗinkin ma tsaf yake kamar gabansa, abin da har yau ban iya ba, ni da ake cewa hannuna ya faɗa. A kafaɗar hagu akwai layi kamar goma da suka saki, sannan ɗinkin ya koma daidai. Na daɗe a kan wurin nan ina tunanin ko ciwo ta yi, ko wata yarinya ta ba ta koya. A duk shekarar wannan kaɗai ne abin da ya riƙe hankalina daga hantsi zuwa azahar.

Saura mako guda baƙon ya iso, Inna ta shigo ta tarar da ni da rigar a cinya. Ta ɗaga ta da yatsu biyu.

“Wannan tsumman za a miƙa wa baƙo? A Kano? Garin da Buzaye ke tahowa tafiyar wata biyu saboda rininmu? Ya koma ya ce wa tsohuwar nan mun riƙe mata kaya shekara goma sha biyu ko turi ba mu yi masa ba? Baffanki namiji ne, bai san abin kunya ba. Ke ma da kike mace sai ki zauna kina kallo?”

Ba mugunta Inna ta nufa ba, kuma ba ita kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A wurinmu ba a mayar da kayan mutane yadda aka karɓe su. Ƙwaryar aro ma sai an sa wani abu a ciki. Babbar riga in ta koɗe karofi ake kai ta, wurin marina, a tsoma ta da aikinta da komai, ta fito baƙa tana sheƙi, mai ita ya sa ranar Juma'a a yi ta yi masa barka. Girmamawar da muka sani ke nan, ita muka yi niyyar yi wa tsohuwar.

Na san farin zaren zai tafi. Ba yarinya ba ce ni, kuma ni ce na yi wata guda ina ƙirga shi. Na sani, sai dai sanin bai taɓa ni ba, kamar yadda ba abin da ke taɓa ni a lokacin. An ce tashi ki kai, na tashi na yafa mayafi.

Marinin dattijo ne, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu. Ya juya rigar gaba da baya, ya shinshina ta.

“Wannan shunin ba namu ba ne,” ya ce, “amma wanda ya yi shi ya san aiki. 'Yata, har da farin?”

Na ce, “Har da farin.”

Ya sake dubanta, ya dube ni. “Tsoma nawa?”

“Inna ta ce ta yi baƙi.”

Kafin ya ƙara magana sai wani ya kira shi daga bakin wani ramin. Da ya sake tambayata sau ɗaya, wataƙila da na ce bari in je in tambayi Baffa. Ban ɗora masa laifi ba. Ya tambaya, na amsa.

Kwana uku ana tsoma ta ana fitarwa ta sha iska. Daga nan aka miƙa ta ga mabuga, suka shimfiɗa ta a kan gungume, suka barbaɗa garin shuni, suka yi ta dukanta da tabaren bugu har ɗinkin ya kwanta ya haɗe da yadin. Ta dawo baƙa wuluk, sumul, tana ɗaukar ido, in ka taɓa ta sai ta bar maka shuɗi a yatsa. Inna ta ce yanzu aka yi magana. Ta turara ta da turaren wuta irin namu na Borno, ta naɗe ta cikin sabon farin akoko, ta ƙulle. Ta ce kada a gaya wa Baffa, a bari ya gani a gaban baƙon ya san yana da mata a gida.

Ranar Alhamis ce, ana tsakiyar bazara. Baffa ya yi aski, ya sa kakinsa na soja da ya riga ya yi masa yawa. Ya karɓi ƙullin, ya ji ƙamshi, ya ce Allah ya yi mini albarka. Ya ce in zo mu tafi tare, tunda ni na yi gyaran, ko baƙon zai yi tambaya a kan ɗinki. Muka bi ta gefen kasuwar Sabon Gari, tsakanin kekuna da amalanke, garmaho yana tashi daga wani shago. Yana gaba yana ɗingishi da sauri, ƙullin a ƙirjinsa, ina binsa a baya.

Matar akawun tana sayar da zare da allura a barandar shagon mijinta, wurinta muke saye. Ta ce, “Sannu, 'yar Kofur, ya haƙuri?” Ta ba ni ruwa da kujera a bakin ƙofa, inda nake ganin ciki. Baƙon gajere ne mai tabarau, farar rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, yana ta goge wuya da hankici. Da aka gabatar da Baffa ya miƙe ya rusuna. Baffa ya ƙame ya sara masa, ban san dalili ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Akawun ne tafinta, daga Hausa zuwa Turanci, daga Turanci zuwa Hausa. Baffa ya ba da labarin a taƙaice. Da aka zo kan farin zare a kan shuni, baƙon ya yi ta gyaɗa kai.

“Kofur, ya ce ya san irin aikin,” in ji akawun. “Ya ce na mutanen arewa ne can, shi ɗan birni ne daga kudu, amma ya taɓa gani. Ya ce uwaye da yawa a ƙasarsu ba abin da aka kawo musu na 'ya'yansu sai akwati babu komai a ciki. In akwai suna da ƙauye, shi da kansa zai nemo gidan.”

“Akwai,” in ji Baffa. “A rubuce yake.”

A nan na fara fahimta, ina zaune da kofin ruwa a hannu. Baffa ya kwance ƙullin a kan tebur.

Baffa ya daɗe yana kallon rigar kamar an musanya masa. Sannan ya sa yatsa ya juya wuyan. Ƙyallen yana nan, baƙi kamar sauran. Ya ɗauka ya fito rana, ya wuce ta gabana bai dube ni ba, ya karkata shi nan, ya karkata shi can, ya koma ciki. Baƙon ya karɓa da hannu biyu. Ya cire tabarau ya kai ƙyallen dab da idonsa. Ya jiƙa bakin hankicinsa ya goga a hankali, hankicin ya yi shuɗi, ƙyallen bai canja ba. Baƙar tawada ce a ƙarƙashin rinin kwana uku, an kuma bi ta da bugu.

Na ji bakina yana cewa na haddace ɗinkin, zan iya fitar da shi gida-gida a kan wani yadin. Akawun ya fassara. Baƙon ya juyo ya ɗan rusuna mini, ya yi magana a hankali.

“Ya ce an gode. Ya ce ɗinkin zai iya nuna yankin, amma yankin ƙauyuka ne ba iyaka, kuma kowane ƙauye ya ba da 'ya'ya. Ya ce, Kofur, mene ne sunan mutumin? Ko sunan kaɗai zai taimaka.”

Baffa ya dubi rufin shagon.

“Da can na san shi,” ya ce. “Wata biyu ina kiransa da shi. Da na ga a rubuce yake, sai ban riƙe ba.”

Akawun bai fassara nan take ba, sai da ya gyara takardun gabansa. Baƙon ya ce in Baffa ya yarda zai tafi da rigar ya ajiye ta a wani wurin ibadarsu inda ake yi wa irin waɗannan matattu addu'a. Baffa ya ce a gaya masa ya gode, amma ba can aka ce ya kai ba. Ya naɗe ta cikin akokon, ya ƙulle yadda Inna ta ƙulla.

A hanyar komawa bai yi sauri ba. Ina jira ya zage ni ko ya tambaye ni wa ya sa ni, ina ma shirya amsa, ba don tsoro ba, don dai in an yi tambaya ana amsawa. Sai da muka shigo Fagge ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, “Marinin nan ya iya aiki.” Shi ke nan abin da ya ce. Da Inna ta ji labari ta ɗora hannu a ka, ta yi ta salati, ta je ƙofar zaure tana ba shi haƙuri. Ya ce mata ba komai, alheri ta nufa. Ni kuwa na ɗauki hular da nake ɗinkawa na ci gaba daga inda na tsaya.

Ranar Asabar da hantsi ya sake yin sallama a ƙofar ɗakina. Ya zo da allo wankakke da tawada da alƙalami, ya ajiye a gabana, ya tsuguna.

“Ni na gwada,” ya ce. “Jiya na kai wa baƙon abin da na zana, ya ce ba rubutu ba ne. Ina ganinsa a idona, amma in na zo sa shi a allo sai ya watse. Ke kin riƙe ta wata guda, kuma idonki ya fi nawa, ke da kike ƙirga zare. Sai Litinin zai hau jirgi. Zana mini abin da kika gani, ko rabi ne.”

Na ɗauki alƙalamin na tsoma. Na riƙe shi a kan allon har tawadar ta bushe, na sake tsomawa. Na rufe ido na nemi wuyan rigar. Kafaɗar hagu ta zo mini da layukanta goma da suka saki, bayan ya zo, ƙirjin ya zo, ɗaya, uku, biyar, bakwai, ba zare ɗaya da ya ɓace mini. Wurin ƙyallen kuwa fari ne kawai da wani baƙi-baƙi a kai. Na yi tunanin in ja masa wasu layuka ya tafi da su, na ga zai sake taka rana har Sabon Gari a sake ce masa ba rubutu ba ne. Kunya ce ta fara dawo mini a shekarar nan, kafin baƙin ciki, kafin komai, kuma a wannan zaman ta dawo.

Na ce, “Baffa, ban duba ba.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “To.” Ya rufe tawadar, ya ɗauki allonsa ya fita.

Ranar Litinin ya je tasha duk da haka, da ƙullin a hammata. Akawun, wanda ya raka baƙon, shi ya ba matarsa labari, ita kuma ta gaya mini. Ya ce Baffa bai matso kusa ba, ya tsaya can wajen masu sayar da rake, leɓensa yana motsi kamar mai neman wata kalma. Ya tsaya har baƙon ya shiga, har jirgin ya yi kuka ya tashi, har taragon ƙarshe ya wuce. Sannan ya gyara ƙullin a hammatarsa ya kama hanyar sito, don ranar aiki ce.